Addar Libardo da Gindin Agaden Kaka

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Aguabonita, nan cikin lardin Quindío, sunansa Libardo Grajales. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, domin labarinsa ba mai daɗi ba ne, kuma a gaban idona aka yi mafi yawansa.

Libardo ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Shekara ashirin da biyu ya yi a birnin Bogota yana tsaron ƙofar gidan rawa, aikinsa ya ɗaga mashayi ya wurgar a titi. Ranar da ya karya wa ɗan mai gidan haƙarƙari biyu, ranar aikin ya ƙare. Ya tattara komatsansa a jaka guda ya dawo ƙauye wurin yayarsa Edilma.

Edilma 'yar gajeriya ce, shekararta hamsin da takwas, ba miji ba ɗa. Ita ta yi jinyar mahaifiyarsu har ta rasu, ita ke riƙe da lambun agade na gidan, gindi ɗari uku. Daga lambun nan take ci, daga shi take sutura, ba ta da wani abu a duniya bayansa.

Amma ko a cikin lambun akwai abin da ya fi mata komai. Can bayan madafa, shi kaɗai, akwai gindin da kakarsu Rosaura ta dasa shekara saba'in da suka wuce. Kun dai san agade: uwa ta yi nono sau ɗaya a sare ta, 'yarta ta tashi a gefenta, gindin kuma yana nan da ransa a ƙasa. Duk ɗari ukun nan daga 'ya'yan wannan gindi aka ciro su. Edilma “Kaka” take ce masa, kuma kullum da safe sai ta gaishe shi kafin ta ɗora kofi.

Da Libardo ya kwana biyu yana ci yana kwanciya, sai ta ce masa ya tashi ta koya masa gyaran agade. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Yaya, sare ganye ne sai an koya wa mutum? Ni da nake sare ƙatti?”

“Ƙattin ba su ciyar da kai ba,” in ji ta. “Ɗauko adda.”

Ya ɗauko addar mahaifinsu, doguwa mai ƙotar ƙaho, wadda tun rasuwar tsohon take rataye a bango cikin kubenta. Ya wasa ta har tana aske gashin hannu.

Edilma ta durƙusa gaban wani gindi ta nuna masa. Uku ake bari a kowane gindi: uwa mai nono, 'ya mai bin ta, da jika da ta fara leƙowa. Sauran tsiron duk a cire, don su ne ke shanye wa uwar abinci. Cikin 'ya'yan ma, a bar mai siririn ganye kamar takobi, a cire mai faffaɗan kunne, domin ado kawai gare ta, ba ta yin nonon kirki. Busasshen ganye a yanke shi daga ƙasa zuwa sama, kada a fizge a ɓare jikin uwar.

Sannan ta taɓa guntun gorar da ke ɗaure a ƙugunta, mai soso da ruwan bilic a ciki.

“Wannan ya fi duk abin da na gaya maka. Ka gama gindi, ka tsoma adda. Ka gama gindi, ka tsoma adda. Ko ganye guda ka yanka.”

“Saboda me?”

“Saboda moko. Ciwon yana bin ruwan jikin agade ya manne a ƙarfe. Ka sari mai ciwo ka sari mai lafiya, ka yi masa allurar mutuwa. Kuma ba shi da magani, Libardo.”

Ya shinshina gorar ya yatsine fuska. “Addar Baba zan tsoma a wannan ruwan wankin masai? Ta yi tsatsa? Haba Yaya, camfin ƙauye ne kawai.”

Don ta sauƙaƙa masa, sai ta raba lambun: layi ɗaya nata, layi ɗaya nasa, haka har ƙarshe. Ta ce in ya rikice ya waiga dama ko hagu, zai ga yadda ta yi nata ya kwaikwaya. Kafin Juma'a ta gama nata kaf. Shi kuwa ko gindi guda bai taɓa ba, yana kan kujera yana sauraron ƙwallo a rediyo.

Ranar Asabar gayya ta faɗo gonar Don Obdulio. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da huɗu, siriri kamar sanda, kuma duk mai agade a yankinmu a hannunsa ya koya. Mu goma muka je, mata, har da Edilma, suka ɗora tukunyar romon kaza da rogo a gindin mangwaro. Libardo ma ya biyo mu, ni dai na san ƙanshin romon ne ya jawo shi.

A bakin gona kowa ya taka cikin kwanon farar ƙasa kamar yadda aka saba, don kada takalmi ya shigo da ciwo. Libardo ya tsallake. Don Obdulio ya miƙa masa gorar magani, ya karɓa ya rataye ta a reshen bishiya ya wuce.

Gaskiya dai mutumin yana da ƙarfi. Kafin mu yi gindi goma ya yi talatin, adda tana ƙara, ganye yana zuba. Yana yi yana mana tsiya.

“Ku yi ta tsome-tsome kamar masu cin burodi da kofi! Da wannan nawar taku ai sai Kirsimeti!”

Can ƙasa kusa da rafi akwai gindi guda da aka zagaye da igiya, an ɗaura jan ƙyalle. Ganyensa ya yi rawaya ya langaɓe. Kowa ya san ma'anar jan ƙyalle: mai moko ne, an riga an yi masa allurar kashewa, ba mai kusantarsa sai ya mutu an rufe shi da leda.

Libardo ya hango shi ya ce, “Wannan mushen fa? Maza goma kun kasa kayar da shi?”

Don Obdulio ya yar da abin da ke hannunsa ya taho da gudu irin na tsofaffi, yana ɗaga hula. “Kai ɗana, tsaya! Kada ka sa masa ƙarfe!”

Ina! Ya riga ya tsallake igiya. Sara ɗaya, biyu, uwar ta kife. Ruwa mai yauƙi kamar ruwan miki ya biyo kaifin addar har ƙota.

Tsohon ya iso yana haki, ya kama masa hannu. “Ba ni addar nan. Ba ni in sa ta a wuta yanzun nan, kuma ka cire takalmanka a nan. Ba za ka ƙara taka ko'ina a gonata da su ba.”

“Sake ni, tsoho.”

“Ba zan sake ba. Uwarka a nan ta koyi aikin nan, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Kai ba ka san komai ba, ɗan birni, kuma ba ka san ba ka sani ba.”

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta jawo komai.

Libardo ya fizge hannunsa, ya juya addar, ya zabga wa tsohon faɗinta a gadon baya. Ƙarar ta kai har wurin mata. Don Obdulio ya durƙushe. Ya ƙara masa ta biyu a kafaɗa, ta uku a wuya, rigar ta tsage, fatar ta fashe. Tsohon ya faɗi rub da ciki cikin laka, Libardo ya sa takalmi ya shure shi a haƙarƙari.

“Wa bai san komai ba? Maimaita in ji!”

Kunya nake ji har yau in na tuna. Mu goma muna tsaye da adduna a hannu, muka daskare kamar gumaka. Edilma ce ta keto ta cikinmu da ludayi a hannu, ta faɗa kan tsohon ta rufe shi da jikinta.

“Sai ka haɗa da ni, mara kunya! Sa'an ubanka ne!”

Daidai nan Ferney ya iso daga saman gona. Shi ne babban ɗan Don Obdulio, magidanci mai 'ya'ya uku, mutum mai sanyin hali, amma ranar idonsa ya juye. Sai da mu huɗu muka danne shi a ƙasa yana ihu yana cizon ciyawa.

“Libardo, na rantse da Allah sai ka biya wannan! Sai ka yi kuka da idonka!”

Libardo ya tofar da yawu, ya saɓa addarsa ya tafi. Yana tafe yana cewa shi ba ya bukatar gayyar kowa, abin da muke yi a sati shi a wuni zai yi.

Kuma ya yi ɗin. Edilma tana can tana gasa wa tsohon baya da ruwan gishiri, shi kuwa ya wuce lambunsu kai tsaye da addar nan, ko goge ta bai yi ba. Ya bi layukansa ɗaya bayan ɗaya, yana sara yana huci, yana cire 'ya'ya yana yanke ganye. Kafin rana ta yi sanyi ya gama gindi ɗari da hamsin.

Da Edilma ta dawo ta ga lambun fes, sai ta tafi neman ƙanenta. Ta same shi a baranda yana cin soyayyen agade.

“Ka tsoma addar?”

“Na tsoma.”

“Libardo, dube ni. Ka tsoma?”

“Na ce na tsoma! Ko ke ma so kike ki ji yadda tsohon ya ji?”

Ta juya ta shige ɗaki. Don Obdulio kuwa ya hana a kai ƙara wurin 'yan sanda. Ya ce saboda Edilma ne, don ba ta da wani ɗan'uwa a duniya sai wannan dabban.

Sati biyar lambun yana kore shar. Libardo har ya fara tsayawa a kantin ƙauye yana ba da lacca a kan noman agade. Mutumin da ko wata biyu bai yi da riƙe adda ba!

A sati na shida, wata safiyar Talata, Edilma ta ga ganyen tsakiya na wani gindi ya yi rawaya ya karye. Ta matsa gaba ta ga wani. Ta duba 'ya'yan da aka yanke, sun sake tsirowa baƙi ƙirin a murɗe. Ba ta ce wa ƙanenta komai ba, ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Don Obdulio a ƙafa.

Kafin ta dawo Libardo ya shiga lambun ya gani. Me kuke tsammani ya yi? Ya zaro adda ya hau saran duk mai rawaya, yana tsaga jikinsu yana ganin ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, yana ɓare 'ya'yan agaden yana tarar da su a ruɓe. Ruwan ciwon ya wanke addar, ya wanke masa hannu har gwiwa. Kuma a ransa ya riga ya yanke hukunci: guba aka zuba, kuma ya san wanda ya rantse.

Yana fitowa tsakar gida sai ga Edilma da Don Obdulio yana dogara sanda, Ferney yana riƙe da shi.

“Yawwa!” in ji Libardo. “Ka zo ganin aikinka ko? Matsoraci! Ka kasa tarar namiji, sai ka bi bayan gida ka zuba wa agade guba!”

“Wace guba?” in ji Ferney. “Ubana na rako, ba wurinka na zo ba. Matsa.”

“Ni za ka ce wa matsa a gidan ubana?”

Ya kai sara. Wannan karon da kaifi ya kai, ba da faɗi ba. Ferney ya ture mahaifinsa gefe, ya goce, addar ta ci ginshiƙin baranda ta fitar da ɓawo. Ya fizgo mayafin kafaɗarsa ya naɗe a hannun hagu, ya zaro tasa addar.

Ban taɓa jin ƙara mai muni irin ta ƙarfe biyu da ke neman nama ba. Ina gonata na ji, na taho a guje. Na tarar kaji sun watse, tukunya ta kife, Ferney yana ja da baya jini yana bin goshinsa, mayafin hannunsa ya zama tsumma. Shi ma ya sami Libardo a cinya, wandon ya jiƙe, amma kamar ma ƙara masa hauka aka yi.

Don Obdulio yana ƙasa yana kiran sunan Allah. Edilma tana ihu, “Ku bari! Libardo, don darajar Mama ka bari!”

Ferney ya yi tuntuɓe da turmin kofi ya faɗi da baya. Libardo ya ɗaga adda da hannu biyu, kan mutumin yake nema. Edilma ta yi tsalle ta shiga tsakani, ta ɗaga hannun dama kamar mai tare mari.

Ba ta yi ƙara ba. Ta dai tsaya tana kallon hannunta. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suna ƙasa a kan siminti, jini yana tsartuwa har kan rigar Ferney.

“Wayyo Yaya!” in ji Libardo. “Wayyo Allah, Yaya!”

Ƙaton nan ya rikice kamar ƙaramin yaro. Na yage rigata na ɗaure mata hannu, Ferney da jininsa da komai ya ruga tayar da motarsa jif. Na daka wa Libardo tsawa ya samo abin da za a naɗe yatsun, ko likita zai iya mayarwa. Ya ruga bayan madafa da addar a hannunsa, ya saro ɗanyen ganye daga gindin da ya fi kusa, ya dawo ya naɗe su. A lokacin ba wanda ya lura daga ina ganyen ya fito, ni ma ban lura ba.

Likita bai iya mayar da yatsun ba. Da aka tambaye ta yadda aka yi, Edilma ta ce adda ce ta kuɓuce mata. Ni kam raina ya ɓaci da wannan ƙarya, na so a ce ya kwana a bayan kanta ko na wata guda ne. Amma hannunta ne, ƙanenta ne.

Washegari da safe Don Obdulio ya zo shi kaɗai da sandarsa. Ya tarar da Libardo zaune a bakin baranda, jinin jiya ya bushe a gabansa.

“Tashi ka biyo ni.”

Ya tashi yana ɗingishi. Tsohon ya kai shi kan tudun da ke bayan gidan, inda ake ganin lambun gaba ɗaya daga sama.

“Duba da kyau, ka gaya mini abin da ka gani.”

Libardo ya duba. Layi ɗaya kore, layi ɗaya da dabbare-dabbaren rawaya. Kore, rawaya, kore, rawaya, tun daga bakin hanya har rafi, kamar zanen katifa.

“Na girme ka da shekara talatin,” in ji Don Obdulio, “ban taɓa ganin gubar da ke tsallake layi ba. Masu koren na wa?”

“Na Yaya.”

“Masu rawayan fa?”

Libardo ya zauna daɓas a cikin ciyawa ya ɗora hannu a ka. Tsohon bai zage shi ba, bai kuma lallashe shi ba. Ya juya ya gangara abinsa.

Ranar Juma'a aka sallamo Edilma daga asibiti, hannu a naɗe an rataye mata shi a wuya. Ranar ce kuma malamar gona ta zo daga gari da igiyar awo da jarkar maganin kashe ciyawa. Maƙwabta duk mun taru, don ciwon nan in ya shiga lambu guda, na kowa yana cikin haɗari.

Malamar ta zaga, ta tsaga jiki biyu ta duba, ta dawo tana cire safar hannu.

“Mama, ba zan ɓoye miki ba. Duk mai ciwo sai an kashe shi, da duk wanda ke kusa da shi taku biyar. Yadda layukan nan suke, babu mai lafiyar da ba ya jingine da mai ciwo.”

“Har nawa layukan?” in ji Edilma. “Na tsoma adda a kowane gindi. Shekara arba'in ban taɓa tsallake ko ɗaya ba.”

“Na gani, Mama. Aikinki mai kyau ne. Amma saiwoyinsu sun haɗu a ƙasa. Duka za su tafi, kuma wata shida ba za a dasa agade a nan ba.”

Edilma ta zauna a kan buhun kofi. Ba ta yi kuka ba, mu ne muka kasa haɗa ido da ita. Can ta ɗago ta ce, “Kaka fa?”

Aka kai malamar bayan madafa. Ta auna daga gindin Kaka zuwa layin farko, taku talatin da biyu, ga kuma dandamalin shanya kofi na siminti a tsakani. Ta duba ganyen tsakiya, ta duba 'ya'yan, duk lafiya lau.

“Wannan ana iya barinsa,” in ji ta. “In dai ƙarfen da ya shiga lambun can bai taɓa shi ba. Bayan wata shida ki ciri 'ya'yansa ki sake tayar da lambunki, irin naku bai ɓata ba.”

Ranar na ga Edilma ta yi murmushi, karo na farko tun dawowar ƙanenta. Ta dafa jikin uwar da hannun hagu.

“Ba mai taɓa Kaka sai ni. Addarta ma daban take, a madafa nake ajiye ta.”

Don Obdulio ya ce in lokacin ya yi shi ma a ba shi 'ya biyu ya mayar a bakin rafinsa. Wata maƙwabciya ta ce ita ma tana so. Malamar ta buɗe littafinta za ta rubuta cewa an bar gindi guda.

Libardo yana tsaye can baya, jikin bango. Shi kaɗai ya san inda ya saro ganyen nan. Guntun hannun ganyen yana ta bayan uwar, wajen bango, inda ba mai gani sai ya zaga. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da an tashi taron nan yayarsa tana murna, kuma ko ciwon ya fito daga baya, wa zai ce shi ne?

“Malama, dakata.”

Muka waiga. Muryarsa ce, amma ta zama 'yar ƙarama. Ya tako yana ɗingishi, ya zaga bayan gindin, ya ɗaga wani ganye ya nuna wurin saran. Bakin yankan ya riga ya fara baƙi.

“Ranar Talata ne. Ganyen da na naɗe yatsun Yaya, a nan na sara.”

“Da wace adda?” in ji malamar.

“Da wadda na tsaga masu ciwon da safen. Ban wanke ba.”

Malamar ta duba yankan ta daɗe, sannan ta rufe littafinta a hankali. Ta ce kwana uku ya isa ciwon ya gangara cikin gindi, kuma ba za ta yarda a raba wa ƙauye 'ya'yansa ba.

Libardo ya zube a gaban yayarsa, gwiwa biyu a ƙasa, yana kuka da majina kamar ba shi ne ke ɗaga mutane yana wurgarwa ba.

“Yaya, ki sa a ɗaure ni. Ki ce Ferney ya sare nawa hannun. Wallahi taimakonki na so yi, ban san inda na kai addar ba.”

Edilma ta sunkuyo ta dube shi.

“Na sani,” in ji ta. “Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ko ranar da ka tashi taimakona, da ƙazamar addar nan ka zo.”

Malamar ta zuƙo maganin a sirinji za ta miƙa wa Ferney ya yi wa Kaka allurar kashewa. Edilma ta ce a'a, a ba ta. Ta karɓa da hannun hagu, hannun da bai saba ba, allurar tana ta karkarwa ta kasa shiga.

“Tashi ka riƙe mini uwar,” ta ce wa ƙanenta.

Ya tashi ya rungume jikin uwar da hannu biyu don kada ta motsa. Edilma ta soka wa uwar, ta soka wa 'yar, ta durƙusa ta soka wa jikar da ko gwiwa ba ta kai ba. Ta miƙa wa malamar sirinjin, ta ce, “Ki yafe mana, Kaka,” ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Sauran ɗari ukun Libardo ne ya bi su da allura ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu yana yi, ya hana kowa taya shi. Bayan sati uku Kaka ta kwanta a bayan madafa. Edilma ba ta fito ta gani ba, shi ya ja baƙar leda ya rufe ta shi kaɗai.

Darasi: In ka shiga aikin da ba ka sani ba, ka sauke kai ka tambaya, ka kuma riƙe ƙaramar dokar da masu aikin suka ba ka ko da ba ka gane amfaninta ba, domin wahala ce ta koya musu ita. Girman kai da saurin hannu ba a kan mai su kaɗai suke ƙarewa ba, sukan fara da wanda ya fi ƙaunarsa. Libardo ya faɗi gaskiya daga ƙarshe, gaskiyar ta ceci lambunan maƙwabta, amma ba ta mayar wa yayarsa yatsu ba, ba ta tayar da shukar shekara saba'in ba. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san hannunsa yana riga kunnensa, tun bai sari abin da ba zai sake tsirowa ba.